Kulawa da Likitocin da Suka Yi Karatu a Ƙasashen Waje: Nazari a kan Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin sharuɗɗan da hukuma ta gindaya wa likitan da ya yi karatu a wata ƙasa kafin a bar shi ya taɓa marar lafiya a Nijeriya, sa'an nan ta duba irin goyon baya da sa idon da yake samu, ko kuwa ya kamata ya samu, idan aka tura shi aikin gama-gari a babban asibitin ƙaramar hukuma. An zaɓi garuruwa uku na arewacin Jihar Zamfara, watau Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, domin a wurare irin waɗannan ne matsalar ta fi fitowa fili.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fayyace abin da muke nufi da aikin gama-gari. Likitan gama-gari shi ne wanda bai keɓanta da fanni guda ba. Da safe ya duba masu zazzaɓi da masu hawan jini, da rana ya zagaya ɗakin yara, da dare kuma a tashe shi domin mai naƙudar da ta gagara. A wasu ƙasashe irin wannan likita yana zaune ne a ɗakin shan magani na unguwa, abin da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. A karkarar ƙasar Hausa kuwa, sau da yawa babu wani gaban da za a tura cikin lokaci. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, dokarmu ta tsananta bincike a bakin ƙofa, amma da likita ya shige, sai kulawar ta yanke daidai lokacin da ya fi bukatarta.

2.0 Waiwaye Kaɗan

Likita mai karatun waje ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dokta R. A. B. Dikko na Wusasa, wanda shi ne likita na farko daga Arewa, a Jami'ar Birmingham ta Ingila ya yi karatunsa. Sai a 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, sashen koyon likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa sai a 1967. A cikin shekarun 1970 da 1980, manyan asibitocin jihohin Arewa sun dogara ƙwarai da likitocin kwantiragi daga Masar da Indiya da Pakistan, ga kuma 'ya'yanmu da suka komo daga Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai.

Abin da ya sake a wannan zamani shi ne yawa da kuma hanya. Guraben karatun likitanci a jami'o'inmu ƙayyadaddu ne, don kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da aka yarje mata ta ɗauka. Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba 1996, ta daɗe tana dogara da guraben Sakkwato da Zariya da Kano. Saboda haka gwamnatocin jihohi da iyaye masu hali suka juya ga Sudan da Masar da Indiya da Sin da Yukiren da Saifurus. An fi tura 'yan mata Sudan, saboda kusancin addini da al'ada, da kuma bukatar likitoci mata da za su duba mata. Wannan hanya ma ta gamu da cikas: yaƙin Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, na Sudan kuma a Afrilun 2023, aka kwaso ɗalibai da yawa karatunsu bai kammala ba, ko kuwa ya kammala ta intanet ba tare da sun tsaya a gefen gadon marar lafiya yadda ya kamata ba.

3.0 Sharuɗɗan Majalisar Likitoci

Hukumar da ke da alhakin rajistar likitoci ita ce Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MDCN. Asalinta dokar 1963 ce, aka sake mata fasali a 1988. Duk wanda ya zo da takardar digiri daga waje, sai majalisar ta tantance makarantar da takardun tukuna. In ta gamsu, sai ya zauna jarrabawar tantancewa, wadda akan shirya a ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa. Jarrabawar ta ƙunshi tambayoyi a kwamfuta, da kuma gwajin aiki, inda ɗalibi zai bi tashoshi ɗaya bayan ɗaya, a nan ya ɗauki tarihin ciwo, a can ya duba ciki ko ƙirji, malamai suna tsaye suna ba da maki. Ba jarrabawar wasa ba ce. A zaman da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano cikin 2023, kimanin rabin waɗanda suka zauna ba su haye ba. Haka kuma a 2022 majalisar ta ba da sanarwar ba za ta karɓi digirin da jami'o'in Yukiren suka bayar ta hanyar karatun intanet ba.

Wanda ya yi nasara, rajistar wucin gadi ake ba shi. Da ita zai yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin da majalisar ta amince da shi, yana zagaya sassa huɗu, wata uku-uku: sashen cututtukan manya, da sashen tiyata, da sashen yara, da sashen mata da haihuwa. A kowane sashe yana ƙarƙashin ƙwararren likita, wanda shi ne zai sa hannu cewa ya gamsu da aikinsa, in kuwa bai gamsu ba ya ƙara masa wa'adi. Bayan nan ne ake ba da cikakkiyar rajista. Sai hidimar ƙasa ta shekara guda, wadda aka kafa tun 1973, ga wanda shekarunsa ba su wuce talatin ba lokacin da ya gama karatu. Daga nan abin da ya rage shi ne sabunta lasisi kowace shekara, tare da shaidar halartar tarukan ƙara ilmi.

Lalle wannan tsari yana da ma'ana, kuma ba na cikin masu cewa an kafa jarrabawar ne don a musguna wa 'yan waje. Makarantun waje ba ɗaya suke ba. Akwai waɗanda suka fi namu kayan aiki, akwai kuma waɗanda ɗalibi baƙo zai yi shekara shida a cikinsu bai taɓa karɓar haihuwa da hannunsa ba, ko don dokar ƙasar ta hana, ko don ba ya jin harshen masu jinya sosai. Tilas a sami abin tankaɗe. Amma fa mu lura da abu guda. Daga ranar da aka ba da cikakkiyar rajista, doka ba ta ƙara bambanta likitan da ya shekara ɗaya yana aiki da wanda ya shekara ashirin ba, ta fuskar abin da aka halatta masa ya yi shi kaɗai. Ba ta kuma ɗora wa kowa, da sunansa, nauyin bin sawunsa ba.

4.0 Daga Gusau Zuwa Zurmi

A Zamfara, asibitocin da ke da ƙwararrun likitoci a Gusau suke, musamman Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Akwai kuma asibitin koyarwa wanda ya daɗe da kafuwa, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Watau ke nan sabon likita zai yi shekararsa ta sanin makama ne a birni, inda akwai na sama da shi hawa-hawa, akwai ɗakin gwaje-gwaje, akwai ma'ajiyar jini, akwai mai sa barci lokacin tiyata. In ya rikice, taku kaɗan zai yi ya sami wanda zai tambaya.

To, sai takardar turawa ta fito. Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, tana da nisan kilomita hamsin da 'yan kai arewa da Gusau. Zurmi tana gaba, a kan hanyar da ta nufi Jibiya. Shinkafi kuwa ta haura kilomita ɗari daga Gusau, tana maƙwabtaka da gabashin Sakkwato. Kowane daga cikin garuruwan nan uku yana da babban asibiti na gwamnatin jiha, kuma kowanne yana karɓar marasa lafiya daga ƙauyuka masu yawa, har da na tsallaken iyaka. A da, nisan nan ba wani abu ba ne in akwai mota. Amma tun da ta'addancin 'yan bindiga ya yi ƙamari, hanyoyin nan ba kowane lokaci suke biyuwa ba, balle da dare. Mai naƙudar da aka kawo Zurmi bayan sallar isha'i jini yana zuba, a nan za a yi mata abin da za a yi, ko kuwa a rasa ta. A watan Disamba 2023 ma, faɗan da ya kai har cikin garin Zurmi ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ake wa laƙabi da na-gari-na-kowa, ta janye wasu ma'aikatanta na ɗan lokaci.

Wannan hali ya shafi kowane sabon likita, ko a Zariya ya yi karatu. Sai dai na waje yana da ƙarin nauyi iri biyu, kuma su ne nake son in ɗan tsaya a kansu.

4.1 Cututtukan Ƙasa

Kowace makarantar likitanci cututtukan ƙasarta take koyarwa da hannu, sauran kuwa a littafi. Ɗalibin da ya yi karatu a Yukiren ko Sin ya ga ciwon zuciya da ciwon daji da ciwon sukari iri-iri, amma mai yiwuwa ne bai taɓa ganin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai ba. Wanda ya yi a Sudan ya fi kusa da mu ta wannan fuska, ko da yake shi ma akwai abin da zai tarar sabo.

Mu ɗauki tamowa. A watan Yuni 2024, MSF tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu suna fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ashe ke nan likitan da aka tura can, kullum sai ya ga mai tamowa. Jinyar tamowa mai tsanani kuwa ta saɓa wa abin da hankali zai fara kawowa. Yaro ya zo da gudawa, ido ya faɗa, fata ta yi yaushi. Likitan da bai saba ba zai yi maza ya ɗaura masa ruwa ta jijiya, kamar yadda aka koya masa game da kowane mai gudawa. Amma zuciyar mai tamowa ta riga ta raunana, ruwan da aka tura da sauri yana iya kashe shi cikin sa'o'i kaɗan. Ƙa'ida ita ce a ba shi ruwa na musamman ta baki kaɗan-kaɗan, a fara da madarar nan mai sauƙi da ake kira F-75, a kiyaye shi daga sanyi da faɗuwar sukarin jini, a kuma jinkirta maganin ƙarin jini sai ya fara murmurewa. Duk wannan yana rubuce, amma sanin lokacin da za a janye hannu daga ledar ruwa, a gefen gado ake koyonsa, wurin wanda ya riga ya gani.

Haka sanƙarau. Annobar da ta mamaye arewa maso yammacin Nijeriya a 2017, wadda ta halaka mutane fiye da 1,000, a ƙaramar hukumar Zurmi aka fara ganinta a ƙarshen 2016, kuma nau'in ƙwayar cutar da ake kira C ne, wanda allurar rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya ba ta tare shi. A farkon ciwon, sanƙarau da zazzaɓin sauro mai tsanani suna kama da juna: zafin jiki, suma, jijjiga. Abin da zai raba su shi ne likita ya yi zargin sanƙarau tun da wuri, ya iya ɗiban ruwan ƙashin baya, ya kuma san wanda zai kai wa rahoto a ƙaramar hukuma. Darasin gubar dalma na 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum ma irin wannan ne. Yara suna ta jijjiga suna mutuwa, ana ba su maganin zazzaɓi ba ya ci, sai da aka lura cewa a cikin gidaje ake daka duwatsun zinariya. Yara fiye da 400 suka rasu. Tambayar da ta warware al'amarin, watau wace sana'a ake yi a gidan, ba a na'ura take ba.

Akwai wasu da dama. Saran kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, yana hana jini daskarewa, kuma gwajinsa ba ya bukatar komai sai kwalba mai tsabta busasshiya: a zuba jini a ajiye minti 20, in bai daskare ba a ba da maganin dafi. Ciwon noma, mai cinye kumatun yara, wanda akwai asibitinsa na musamman a Sakkwato tun 1999, da ɗan gyambo a dasashi yake farawa, kuma a wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau sun isa su tare shi. Sai kuma kumburi da haki da ke kama mata bayan haihuwa saboda gazawar zuciya, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya cikin shekarun 1970, suka kuma danganta yawansa da wankan jego da kwanciya a gado mai zafi da shan kunun kanwa. Likitan da bai san a tambayi mai jego abin da take sha da yadda take wanka ba, zai yi ta ba da magani ciwo yana komowa.

4.2 Harshe

Nauyi na biyu shi ne na harshe, kuma ina ganin ya fi dacewa da wannan zaure. Akan ɗauka cewa tun da likitan Bahaushe ne, ba shi da matsalar magana da marasa lafiya. Wannan zato yana bukatar gyara. Ya koyi likitanci da Ingilishi, ya yi hira da masu jinya da Larabci ko Rashanci ko ta bakin tafinta, bai taɓa ɗaukar tarihin ciwo da Hausa ba. Sunayen cututtuka na Hausa kuwa ba su yi daidai da na littafi ɗaya bisa ɗaya ba. Idan tsoho ya ce yana da basir, yana iya nufin tsiro a dubura, ko taurin bayan gida, ko ciwon baya, ko raunin mazakuta wanda kunya ta hana shi ambata. Idan mace ta ce sanyi ke damunta, wataƙila ciwon mara take nufi. Shawara takan ɗauki duk abin da ya sa ido ya yi rawaya, har da wanda bai sa ba. Daji a bakin mutanen karkara ya haɗa da kumburi da gyambon da ya ƙi warkewa, ba lalle sai sankara ba. Uwa kuma ta ce haƙori ne ke sa ɗanta gudawa, ko ta ce ɗankanoma ne. Ga kuma karin harshe: wanda ya tashi a Kano ko Kaduna sai ya kasa kunne sosai kafin ya saba da Zamfarci.

Bayan kalmomi, akwai ladabin neman izini. Tiyatar gaggawa ga matar aure takan jira yardar miji, mijin kuwa yana iya kasancewa a gona ko a kasuwar wani gari. Jini sai 'yan'uwa sun bayar, su kuma sai an lallashe su. Sau da yawa tsohuwar ungozomar asibiti ko babban nas, waɗanda suka shekara da shekaru a garin, su ne suka san wanda za a kira a yi wa magana ya shawo kan dangi. Sabon likitan da ya shigo da girman kai, yana ganin digirinsa daga waje yake, zai rufe wa kansa wannan ƙofa. Wanda kuma aka karɓe shi da gori, ana ce masa likitan takarda, zai ji nauyin yin tambaya, ya riƙa ɓoye abin da bai sani ba. A ganina wannan na biyun ya fi haɗari ga marar lafiya.

5.0 Yadda Wasu Suka Yi

Ƙasar Ostireliya ta dogara ƙwarai da likitocin waje a karkararta, cikinsu har da 'yan Nijeriya, saboda haka tsarinta ya cancanci dubawa. Hukumar likitocinta ta kasa sa ido mataki huɗu. A mataki na farko, mai sa ido yana cikin asibitin duk lokacin da sabon likita yake aiki, kuma sai an shawarce shi a kan kowane marar lafiya kafin ya tafi. A na biyu, nauyin yana kansu su biyu, mai sa idon yana nan a ƙalla kashi 80 cikin 100 na lokacin aiki, ana kuma bitar marasa lafiya kullum. A na uku, sabon likita ne ke ɗauke da nauyi, amma tilas a iya samun mai sa ido ta waya. A na huɗu ya tsaya da ƙafarsa, sai bita lokaci-lokaci. Mai sa idon sananne ne da sunansa a wurin hukuma, an ƙayyade yawan likitocin da zai riƙa, yana kuma aika rahoto a rubuce. Har ila yau, kafin a ba likita gurbi a aikin gama-gari, akan yi masa ganawa domin a ga ko ya dace da wannan gurbin musamman, ba da aikin likita a dunƙule ba.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu gane hikimar wannan. Wanzami ba ya miƙa wa yaronsa aska ran da ya zo. Zai daɗe yana riƙon zabira, sa'an nan a bar shi ya yi aski, sa'an nan ƙaho, kaciya kuwa sai can daga baya, maigidan yana tsaye. Yaye hawa-hawa ne a kowace sana'ar Hausa. Aikin likita ne kaɗai muka mayar da yayensa na rana ɗaya.

6.0 Abin da Zai Yiwu a Arewacin Zamfara

Ba za a iya kwafo tsarin Ostireliya dungurungum ba, don mataki na farko yana bukatar likitoci biyu a wuri guda kullum, abin da shi ne ainihin abin da muka rasa. Amma Ma'aikatar Lafiya ta jiha da hukumar kula da asibitocinta suna da ikon kafa nasu sharuɗɗan turawa ba tare da jiran an gyara dokar tarayya ba, musamman tun da gwamnatin jihar da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024.

Abu na farko shi ne kada a tura likita daga shekarar sanin makama kai tsaye zuwa inda zai zama shi kaɗai. Ƙaura Namoda, saboda kusancinta da Gusau, ta dace ta zama zango. A ajiye gogaggen likita a can, wanda aikinsa ya haɗa da horarwa, sabon likita ya yi wata shida tare da shi. A cikin wannan lokaci a riƙe littafin aiki, a rubuta abin da ya yi da hannunsa a gaban mai sa ido: fiɗar ciro jariri, wankin mahaifa bayan ɓari, ba da maganin jijjigar masu ciki, ɗiban ruwan ƙashin baya, sa robar ƙirji ga wanda aka harba, ƙarin jini ga yaro. Sai littafin ya cika a wuce da shi Shinkafi ko Zurmi. Ɗakunan yara da na tamowa da MSF ke tallafawa a waɗannan garuruwa biyu makaranta ce a shirye, in an yi yarjejeniya sabbin likitocin jiha su riƙa zagayawa cikinsu. Ƙungiyar agaji dai baƙuwa ce, wata rana za ta tafi, abin da aka koya daga gare ta shi zai zauna.

Wa zai yi wannan horarwa? A nan ne likitancin iyali ya shigo. Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana da sashen da aka fara kira na aikin gama-gari, daga baya aka sake masa suna zuwa likitancin iyali. Ƙwararrun wannan fanni an horar da su ne domin irin wannan aiki na asibitin gunduma. Likitan iyali guda a Ƙaura zai fi amfani ga yankin nan fiye da a ce yana Gusau yana duba masu mura. Sai dai ba zai zauna ba in babu gida mai tsaro da alawus na horarwa, kuma lokacin da zai ɓata wajen koyarwa tilas a lissafa shi cikin aikinsa.

Bayan an tura likita, sai a haɗa shi da mai sa ido guda, a rubuta sunansa a takardar turawa, wanda zai amsa waya dare da rana, ya kuma zauna da shi sau ɗaya a wata su bi fayilolin waɗanda suka rasu da waɗanda aka tura gaba. A yi wannan zama don gyara, kada a mai da shi kotu, in ba haka ba fayilolin za su riƙa ɓacewa. Waya da WhatsApp sun sauƙaƙa shawara ƙwarai, ana iya aika hoton rauni ko na ƙirji a sami amsa nan take, muddin an kiyaye sirrin marar lafiya. Amma kada a gina tsarin duka a kan waya. A watan Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matakan tsaro, aka yi makonni, a wasu wuraren ma fiye, babu kira babu saƙo. Saboda haka kowane asibiti yana bukatar rubutattun ƙa'idojin jinya a ɗakin haihuwa da ɗakin yara da ɗakin gaggawa, waɗanda likita zai buɗa da fitila a hannu.

Saura batun harshe, wanda nake miƙa wa malaman sassan Hausa da ke wannan zaure. Ana bukatar ɗan littafi na sunayen cututtuka da alamominsu kamar yadda mutanen Zamfara ke faɗarsu, a tattara su daga bakin ungozomomi da nas-nas da wanzamai da masu jinya a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, a jera kowace kalma da abubuwan da take iya nufi da kuma tambayar da likita zai yi ya bambance su. Aiki ne da ɗaliban digiri na biyu za su iya yi cikin shekara guda, in aka haɗa su da likita ɗaya ko biyu masu duba abin da suka tattaro.